Yadda Tsofaffin Bareyi Ke Ɓace wa Maharba

A arewacin Jihar Mishigan ta ƙasar Amurka akwai wata tashar binciken namun daji mai suna Cusino. Masanan wurin sun taɓa kewaye wani daji mai faɗin murabba'in mil ɗaya, wato kimanin hekta 260, da doguwar waya wadda dabba ba ta iya tsallakewa. A cikin shingen akwai bareyi 39, an san adadinsu sarai, kuma manyan mazan da ke ciki ba su kai goma ba. Sai aka kawo ƙwararrun maharba shida aka ce bismillah. Dabbobin ba su da inda za su gudu, maharban kuma sun tabbata naman yana nan. Duk da haka sai da suka yi kusan kwana huɗu suna bulayi a ɗan dajin nan kafin ɗayansu ya ɗora ido a kan namiji guda. Ba maganar harbi ake yi ba tukuna, gani kawai. An buga sakamakon wannan gwaji a 1965, har yau kuma maharban Amurka suna ba juna labarinsa idan mutum ya dawo gida hannu rabbana yana rantsuwa cewa dajin ya ƙare.

Dabbar da ake magana a kanta ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda ake samu tun daga kudancin Kanada har zuwa cikin nahiyar Kudancin Amurka. Ta fi barewarmu ta Sahel girma nesa ba kusa ba, don babban namiji a jihohin arewa yakan haura kilo 100. Namijin ne ke da ƙaho, ƙahon kuma mai rassa ne, yana zubewa kowace shekara wajen ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro a madadinsa. An ƙiyasta yawan wannan dabba a Amurka ya kai miliyan 30, maharba masu lasisi kuma suna kashe kimanin miliyan shida duk shekara. Farauta ce ta ƙa'ida, da ranar buɗewa, da ranar rufewa, da adadin da aka yarda kowa ya kashe. Don mai karatu ya ji girman abin, a Jihar Fensilbeniya makarantun karkara da yawa sun saba rufewa a Litinin ɗin farko ta farautar bindiga, saboda malamai da ɗalibai duk sun yi daji.

A irin wannan wuri tsufa ba abu ne mai arha ba. Ana haihuwar 'ya'yan barewa a watannin Mayu da Yuni, farauta kuma tana kankama a Nuwamba. Ƙahon namiji na farko yakan cika yana shekara ɗaya da rabi, a daidai lokacin da fiye da rabinsu ke barin inda aka haife su su nausa baƙon daji, ba su san hanya ba, ba su san maɓoya ba. Su ne abincin harsashi. A ƙarshen shekarun 1980, fiye da kashi 60 cikin ɗari na mazan da ake kashewa a Amurka irin waɗannan matasa ne. Yanzu adadin ya sauko ƙasa da kashi 30, saboda maharba da yawa sun koma ƙyale ƙanana suna jiran manya. Shi kuwa namiji ba ya cika girma sai ya kai shekara huɗu da rabi zuwa biyar da rabi. Ke nan duk wanda ya kai wannan matsayi ya ga kakar farauta huɗu ko biyar ya sha, ya ji ƙarar bindiga ba adadi, ya ga waɗanda suka tashi tare sun faɗi. Shi ne wanda kowa ke nema ruwa a jallo, shi ne kuma wanda ba a gani. Wani maharbin zai rantse maka dabbar tana da layar zana. Abin da take da shi bai wuce hanci ba, da haƙuri, da sanin halin mai farautarta, kuma mafi yawan wannan sanin maharbin ne da kansa ya koya mata.

Hanci ne babban makaminsa, duk sauran gaɓoɓi 'yan rakiya ne. Idan idonsa ya ga abin da bai gane ba, yakan tsaya ya ƙura ido, ya buga ƙafar gaba a ƙasa ko abin zai motsa. Idan kunnensa ya ji ƙaras, yakan jira ya ji na biyu. Amma da zarar hancinsa ya ɗauko warin mutum, magana ta ƙare, ba ya neman shaida ta biyu. Saboda haka rayuwarsa gaba ɗaya a kan iska take tafiya.

A ɗauki gonar waken suya da ke bakin kurmi da yamma. Tun la'asar sakaliya mata da 'ya'yansu sun fito suna kiwo, matasan maza ma sun biyo baya suna 'yar karo da ƙahoninsu. Maharbi yana can kan bishiya a bakin gonar, a kan ɗan dandamalin ƙarfe da ya ɗaure, bindiga bisa cinya. Tsohon namijin ma ya taso daga makwancinsa, yunwa yake ji kamar kowa. Sai dai bai bi turbar da sauran suka bi ba. Ya ratse ta cikin duhuwa, ya yi doguwar kwana har ya koma ɓangaren da iskar gonar ke kaɗawa zuwa gare shi, ya tsaya daga ciki, taku talatin ko hamsin kafin fili. Nan ya ɗaga kai yana sunsunar iska. Duk abin da ke cikin gonar da gefenta iskar ta kawo masa labarinsa: mata nawa ne, akwai wani namijin ko babu, akwai mutum ko babu. In ya ji mutum, ba lallai ya yi huci ko ya ɗaga farar wutsiyar nan irin ta masu firgita ba. Sai ya sadda kai, ya juya, ya sulale ta inda ya fito. Maharbin zai sauko da magariba yana cewa yau babban bai zo ba, alhali ya zo, ya same shi, ya koma.

Ko bayan mutum ya bar wuri warinsa bai tafi ba. Yana nan a ciyawar da wandonsa ya goga, a reshen da ya dafa, a sawun takalminsa. Da dare barewa za ta zo ta bi wannan sawu tana sunsunawa, ta san daga ina mutumin ya shigo da inda ya zauna. Kamfanonin Amurka suna sayar wa maharba sabulun kashe wari, da turaren fesawa, da tufafi masu gawayi a ciki, ana zuba kuɗi ba kaɗan ba. A ganina mafi yawan wannan kwantar da hankalin mai saye ne kawai. Muddin mutum yana numfashi yana gumi, iska za ta kai ƙararsa. Tsofaffin hannu a sana'ar sun fi dogara da 'yar kwalbar hodar da suke fesawa su ga inda iska ta nufa, in ta saɓa musu su fasa fita.

A ƙasa mai tuddai akwai kuma wata iskar da ba a cika lura da ita ba. Da hantsi, idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan hau gangare zuwa sama. Da yamma, idan ƙasa ta huce, iska mai sanyi takan gangaro zuwa kwari. Wannan ya sa da rana ake yawan samun manyan maza kwance a saman gangare, inda warin duk abin da ke ƙasa zai hau ya same su, da yamma kuma su sauko lokacin da iskar ta juya.

Wurin kwanciyarsa ma abin kallo ne. Wanda ya taɓa cin karo da shi zai ga ɗan lotsattsen wuri a cikin ganye, tsawonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, da fararen gashin ciki nan da can, da tarin kashi a gefe. Yawanci akwai kututture ko faɗaɗɗiyar bishiya ko sarƙaƙiya ta baya. Yakan kwanta ya ba iska baya, fuskarsa na kallon gangare ko fili. Hanci ya tsare baya, ido ya tsare gaba, hanyar fita kuma ta fi ɗaya. Sau da yawa kafin ya kwanta sai ya wuce wurin, ya yi lauje ya dawo, ya kwanta daga gefe inda zai iya hangen sawun da ya bari. Duk mai bin sawun nan, kare ne ko mutum, dole ya gifta ta gabansa. Wuraren da yake zaɓa kuwa su ne waɗanda mutum ke ƙyamar shiga: tsakiyar fadama inda ruwa ke kaiwa gwiwa, wani ɗan tsibiri a cikin taɓo, inda aka sare daji shekarun baya ya sake tohowa ya cushe har ba a ganin taku biyar. Wani lokaci kuma akasin haka ne. Sai ka same shi a wata 'yar duhuwa bayan gidan wani manomi, ko a bakin titi dab da inda maharba ke ajiye motoci, wurin da kowa ke wucewa da sauri don ya raina shi.

Idon barewa ba irin namu ba ne. Binciken da aka yi a Jami'ar Jojiya a farkon shekarun 1990 ya nuna ƙwayoyin gane launi iri biyu gare ta, mu kuwa uku. Tana ganin shuɗi da kyau ƙwarai, amma ja da ruwan goro ba sa fita a idonta yadda suke fita a namu. Shi ya sa yawancin jihohi suka wajabta wa maharban bindiga sa riga mai ruwan goro ƙal, don ɗan'uwansa ya hango shi daga nesa kada ya harbe shi, barewa kuwa launin bai dame ta ba. Wanda ya sa shuɗin wando shi ne ya tona kansa. Idanunta suna gefen kai, ƙwayar idon a kwance take, don haka tana ganin kusan digiri 300 na kewayenta ba tare da ta waiwaya ba. Ba ta tantance ƙananan siffofi kamar mu, amma ko ɗan yatsa ka motsa ta gani. Maharban ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna tafiyar tsuntsu har su kusanci dabba, sun daɗe da gane cewa siffar mutum a tsaye da irin motsinsa ne ke korar nama. A bayan idon kuma akwai wani shimfiɗi mai sheƙi da ke mayar da haske, shi ke ba ta damar gani da asuba da almuru lokacin da mutum ke lalube, shi ne kuma ke sa idon ya yi ƙyalli idan an haska shi da fitila.

Kunnenta bai fi namu ji da wani abin a zo a gani ba, sai dai tana jin siririn sauti fiye da mu, kuma kowane kunne yana juyawa da kansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta san sautin dajinta. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, ko takun mai ƙafa biyu a busasshen ganye, ba sa cikinsa.

Sai haƙuri, wanda a nan ne babba ke bambanta da yaro. Barewa tana iya gudun da ya kai kilomita 50 a sa'a, tana tsallake shingen da ya fi mutum tsawo, amma gudu yana fallasa mai yinsa. Matashi in ya ji motsi sai ya zabura ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya faɗa fili inda wani maharbin ke dako. Tsoho sai ya yi lamo, ya kwantar da haɓa a ƙasa, ya bar mutum ya wuce shi da 'yan taku, sannan ya tashi ya bi ta baya. Asalin dabarar tun jarirantaka take. Ɗan barewa sabon haihuwa in ya ji haɗari yakan manne da ƙasa, har bugun zuciyarsa ya ragu sosai. Jikinta ma ya taimaka mata. Gashin da yake ja-ja da bazara yakan koma ruwan toka da kaka, daidai da launin dajin da ya kaɗe ganye. Kuma dabba ce mai tuƙa: ta cika ciki da gaggawa a cikin duhu, ta koma maɓoya ta kwanta tana tauna a hankali. Ba dole ta yini a tsaye a fili don neman abinci ba.

Duk wannan baiwa ce da kowace barewa ke da ita. Abin da ya rage shi ne ɗaya ɓangaren, wato mutum, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi, don da masana suka juya suka binciki maharban kansu sai aka ga ashe sun fi dabbar sauƙin karantawa. A dajin gwamnati na Sproul da ke Fensilbeniya, a farkon shekarun 2000, an bi maharba da jirgin sama ana ƙirga inda suke, wasu kuma aka ba su na'urar GPS su sa a aljihu. Sakamakon ya nuna kusan tara cikin goma ba sa wuce rabin kilomita daga hanyar mota, kuma gwargwadon tsayin gangare gwargwadon ƙarancin masu hawansa. Da aka tambaye su nisan da suka yi, da yawa sun faɗi abin da ya zarce wanda na'urar ta rubuta. Ba abin zargi ba ne, duk wanda ya san zai jawo mushen kilo 80 zuwa mota ba zai so yin nisa ba. Amma ma'anarsa ita ce akwai manyan yankuna a cikin dajin da ƙafar maharbi ba ta takawa, dabbobin kuma sun san su.

A 2013 Jami'ar Jihar Fensilbeniya, ƙarƙashin jagorancin Duane Diefenbach da abokan aikinsa, ta fara sa wa bareyi abin wuya mai na'urar GPS tana bin motsinsu. Sun ga cewa da an buɗe farautar bindiga a ƙarshen Nuwamba, yankin da dabba ke yawo a ciki yakan tsuke, daga wajen murabba'in mil guda ya koma kimanin hekta 40. Ba ƙaura suke yi zuwa wata ƙasa ba, suna nan cikin gidansu, lungu kawai suka shige. Akwai wani namiji da ya yi suna a binciken. Shi maɓoyarsa kan doron wani tudu take mai wuyar hawa, inda iskar da ta saba kaɗowa daga yamma ke kawo masa warin mai zuwa, gangare mai tsayi kuma yana jiransa in ta ɓaci ya dira. Tun da sauran duhu ya isa can, kafin maharba su gama shan shayi. Haka ya ƙetare kakar farauta bayan kakar farauta.

Saurin ɗaukar darasin ma abin mamaki ne. A Jihar Oklahoma, a 2008 da 2009, Andrew Little ya sa wa manyan maza 37 na'ura a wani makeken fili na Gidauniyar Noble. Aka raba filin uku: wani sashe ba maharbi ko ɗaya, wani maharbi ɗaya a hekta 100, wani kuma maharbi ɗaya a hekta 30. A ƙarshen makon da aka buɗe farauta maharban sun ga dabbobi da dama. Bayan nan sai gani ya yi ta raguwa, alhali na'urar tana nuna suna nan daram. Cikin kwana uku sun gane abin da ake ciki, sun rage yawo, sun manne wa 'yan wuraren da suka amince da su. A dajin Brosnan na Jihar Karolina ta Kudu kuma, Clint McCoy na Jami'ar Auburn ya auna abin da ke faruwa a kewayen kowane wurin dako. Ya gano cewa idan mutum ya zauna a wuri yau, mazan sukan ƙaurace wa wurin da rana har wajen kwana uku kafin su sake sakin jiki. Yanzu a duba halin maharbin da ke da bishiya guda da yake ƙauna saboda ya taɓa sa'a a kanta. Kullum nan yake ajiye mota, nan yake bi, nan yake hawa, a lokaci guda. Shi yana ganin yana nazarin dabba, ita kuwa tuni ta haddace jadawalinsa.

Mafi sauƙin mafita ga dabbar ita ce dare, domin doka a yawancin jihohi ta taƙaita harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta, haska dabba da fitila a harbe ta kuwa babban laifi ne. Ba barewa kaɗai ta gano wannan ba. A 2018 Kaitlyn Gaynor ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta sun tattara bincike 76 a kan nau'in dabbobi 62 daga nahiyoyi shida, suka ga cewa duk inda mutane suka yawaita namun daji suna karkata zuwa dare: dabbar da ta saba raba harkarta biyu tsakanin dare da rana takan mayar da kusan kashi 68 cikin ɗari zuwa dare. Tsoron kuma na mutum ne shi kansa. A yankin Kruger na Afirka ta Kudu, a wani bincike da Liana Zanette ta buga a 2023, an kafa lasifika a bakin mashaya ana sakin sautuka daban-daban. Muryar mutane suna hira cikin natsuwa ta ninka gurnanin zaki wajen sa dabbobi gudu. Sai dai maharban da ke cewa tsohon namiji ya zama na dare ɗungurungum sun yi ƙari. Na'urorin sun nuna yakan tashi da rana, ya miƙe, ya ɗan yi kiwo, ya sauya makwanci. Yana yi ne a cikin duhuwar da ba mai ganinsa.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana ita ce: shin shekaru ne ke kawo wayon, ko kuwa masu wayon ne kawai ke kaiwa ga shekarun? A lardin Alberta na Kanada an yi nazarin wani babban dangin barewa da ake kira elk, aka sami amsa ta fuska biyu. Binciken Simone Ciuti na 2012 ya nuna cewa mazan da maharba suka kashe, tun kafin a buɗe farauta dama su ne masu rawar kai, masu saurin tafiya da son fili. Masu noƙewa su suka tsira. Wato bindiga tana tankaɗe garke, tana kwashe masu ƙarfin hali tana barin masu tsoro su hayayyafa. A ƙasar Norwe ma an ga mazan jar barewa da suka koma cikin duhuwa da zarar an buɗe farauta, ko da abincin can bai kai na fili ba, su ne suka fi kaiwa baɗi. Amma a wani bincike da aka buga a 2017, Henrik Thurfjell tare da Ciuti da Mark Boyce sun bi matan elk 49 shekara da shekaru, suka ga dabba guda tana sauya hali yayin da take manyanta. Tana rage tafiya, tana ƙara shiga wurare masu wuya idan tana kusa da hanya. Har bambanta makami suke yi, don a lokacin farautar kwari da baka, wadda sai an matso kusa, sun fi hawa gangare da duwatsu inda sanɗa ke wuya. Macen da ta kai shekara tara zuwa goma kusan ta fi ƙarfin maharbi. Ke nan abin biyu ne, akwai hali na haihuwa, akwai kuma karatu.

A nan ya kamata a ba mata haƙƙinsu. Maharba suna ta zuzuta wayon namiji saboda ƙahonsa suke so su kafa a bango, amma tsohuwar uwa da ke jagorantar 'ya'ya da jikoki ba ta gaza shi ba, sau da yawa ma ita ce ke fara ɗago kai ta gano mutumin da ke kan bishiya, ta yi huci ta watsa taron. Ɗanta yana biye da ita shekara guda cur, yana ganin inda take bi da inda take kaucewa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To ta ina ake samun tsohon, tunda ana samunsa? Ta wajen mace. Idan yini ya fara gajarta da kaka, jikin dabbobin yakan motsa, a jihohin arewa barbara takan kai ƙololuwa a Nuwamba. Kowace mace kwana ɗaya ko ɗaya da 'yan sa'o'i kawai take karɓar namiji, saboda haka mai jinkiri ya rasa. Sai ka ga dattijon da ya shekara yana lissafin kowane taku wuyansa ya kumbura, idonsa ya rufe, ya bar cin abinci, yana ratsa fili da rana tsaka hanci a ƙasa yana bin sawun mace. Kafin lokacin ya wuce yakan zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ko fiye. A watan ne motoci suka fi kaɗe bareyi a titunan Amurka, a watan ne kuma maharba ke ɗaukar hutun aiki. Bayan barbara akwai wata 'yar kafa: idan sanyi ya tsananta, ga rama, yunwa takan fito da shi gona tun rana ba ta faɗi ba.

Maharba sun ƙaro dabara da kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, mai ɗaukar hoto da kanta idan abu ya gifta, wasu ma har su turo hoton waya nan take. Ta tona asirin manyan maza da yawa da ba a san da su ba, sai dai galibin hotunan na tsakar dare ne, kuma mai yawan zuwa duba kyamara warinsa yake shukawa. Duk da haka wasu hukumomi sun ga abin ya wuce gona da iri. Jihar Arizona ta haramta amfani da ita don farauta tun daga farkon 2022.

Kada mai karatu ya ɗauka wayon dabba shi kaɗai ya isa ya tsare ta. Wannan barewa mai hanci da haƙuri, a wajajen 1900 saura kaɗan ta ƙare a Amurka, yawanta ya faɗo zuwa kimanin rabin miliyan ko ƙasa da haka, saboda 'yan kasuwar nama da fata suna kashe ta rani da damina, dare da rana. Abin da ya dawo da ita doka ce: Dokar Lacey ta 1900 da ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tsakanin jihohi, da dokar Pittman da Robertson ta 1937 da ta sa haraji a kan bindigogi da harsasai ana zuba kuɗin a kula da namun daji, da ƙayyade lokaci da adadi. Dabarun ɓuya suna aiki ne saboda farautar 'yan makonni ce, dare na dabba ne, kuma akwai kurmin da aka bari.

A namu yankin an cire duka ukun. Mariri ya ƙare ƙaf a daji, a 2000 aka ayyana haka a hukumance, sai a 2016 aka fara dawo da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. Mena, barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ke amsa sunanta, waɗanda suka rage a daji ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ba wayo waɗannan dabbobi suka rasa ba. A buɗaɗɗen fili an bi su da mota har numfashinsu ya ƙare, da dare an haske musu ido da fitila, duhuwar da za su laɓe kuma an cinna mata wuta ko an sare ta an yi gawayi.

Sarakunan baka da ƙungiyoyin maharba na garuruwanmu suna da ikon da ba sai sun jira gwamnati ba. Su hana farautar fitila a tsakanin mutanensu, su ajiye makami a watannin da dabbobi ke ɗauke da ciki da goyo, kowane gari kuma ya ware ko da kurmi ɗaya ne wanda ba a shigarsa da kare, ko bindiga, ko ashana.